'Yan Dakon da Ke Cikin Ƙoda

Kowa ya san ƙoda a tukubar mai tsire, amma ba kowa ya san aikin da ta ke yi a jikinsa ba. Mutum yana da ƙoda biyu, kowace tana da 'yan matatai kamar miliyan ɗaya, kowace matata kuma tana da siririn bututu wanda ido ba ya gani. A kwana ɗaya ƙodar baligi ta kan tace ruwa wajen lita 180 daga jini, amma fitsarin da ya ke yi bai fi lita ɗaya da rabi ba. To, ina sauran ya tafi? Bututun nan ne su ke mayar da shi cikin jini, tare da gishiri da sukarin da jiki ke bukata.

A nan ne aikin 'yan dako ya shigo. Bangon bututun an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, a cikin kowace ƙwaya kuwa akwai hanyoyi kamar na jirgin ƙasa. Waɗansu irin furotin su ke bin hanyoyin nan ɗauke da kaya, kamar yadda 'yan dako ke kwasar buhuna daga kwalekwale zuwa kasuwar Yawuri. Masana sun sa musu suna dainin, da kinesin, da miyosin. An gano dainin a 1965, kinesin kuma a 1985.

Ga misalin aikinsu. Idan mutum yana azumi da bazara, jikinsa ya rasa ruwa, sai ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta cikin jini. Nan da nan 'yan dakon su ɗauko 'yan ƙofofin ruwa da ke ajiye, su kai su bangon ƙarshen bututun, ruwa ya bi ta ciki ya koma jini. Shi ya sa fitsarin mai azumi ya kan yi kaɗan, ya yi ja. In ƙofofin ba su isa wurin ba, mutum ya kan yi fitsari fiye da lita 10 a rana, ƙishirwa kuma ba ta sakinsa.

Har wa yau, yawancin ƙwayoyin suna da ɗan gashi guda da ya leƙa cikin bututu, su kuma 'yan dakon ne ke kai kayan gininsa. A 2003 masana a Amurka suka hana kinesin aiki a ƙodar ɓeraye, sai gashin ya ɓace, ƙodar ta cika da jakunkunan ruwa. Akwai irin wannan cuta ga mutane, gadonta a ke yi.

Mu nan Shanga da Yawuri da Ngaski, abin da ya fi kusa da mu shi ne tsargiya. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutanenmu da yawa a bakin tafki su ke su da noma da wanka. Tsutsar tsargiya tana fitowa daga katantanwa, ta huda fatar mai wanka, daga baya ta yi ƙwai a bangon mafitsara. Waɗansu su kan ɗauki fitsarin jini alamar balaga ne, alhali cuta ce. In ta daɗe, hanyar fitsari ta kan toshe, fitsari ya taru a baya, ƙoda ta kumbura, bututun su lalace.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wanda ya ga jini a fitsarinsa kada kunya ta hana shi gaya wa iyayensa. Ku kuma iyayenmu, ku kai shi asibiti, gama akwai maganin tsargiya, sunansa firazikwantel. Mu daina fitsari a cikin ruwa, mu yawaita shan ruwa lokacin zafi, mu guji shan maganin ciwon jiki barkatai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.