DASHEN CIKI: ABIN DA SHARI'A TA HANA DA HUKUNCIN WANDA YA KETARE



Tambayar da ake yawan turo min ita ce: Malam, mun shekara goma babu haihuwa, likita ya ce sai an yi dashen ciki, wanda suke kira IVF, ya halatta?

Ya halatta, amma da sharaɗi. Maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar da za a dasa tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ƙasar Jodan, a 1986, ta duba hanyoyi 7. Biyu kaɗai ta halatta, sauran 5 ta haramta su, domin a cikinsu akwai mutum na uku: ko mai ba da maniyyi, ko mai ba da ƙwai, ko mai aron mahaifa.

Wani zai ce, to idan kishiya ce za ta ɗauki cikin fa, ai duk matansa ne? Wannan har manyan malamai ta taɓa ruɗawa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi sassauci a kanta a 1984, shekara na zagayowa ta janye. Dalili? Kishiyar tana iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin da aka dasa mata na abokiyar zamanta. An haifi tagwaye, ko ɗaya ya zube, wace ce uwar wane? Daga nan gado ya rikice, muharramci ya rikice.

Saudiyya ta mayar da wannan doka a shekarar 1424 ta Hijira. Likita ba zai fara aiki ba sai ya tabbatar akwai aure. Idan saki ya auku ko miji ya rasu, dole a tsayar, ko da an riga an haɗa ƙwan an ajiye cikin sanyi. Wanda ya zuba wa mace maniyyin wanda ba mijinta ba, ko ya dasa ƙwan wata a mahaifar wata, hukuncinsa tarar riyal 200,000 zuwa 500,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko a ƙwace lasisinsa. Ana iya haɗa masa su.

To kai da ke nan gida, kada ka ɗauka kowane asibiti yana bin wannan. Wani likitan ba mugunta yake nufi ba, a wurinsa kawo "mai taimako" hanyar magani ce kawai, har ya faɗa wa mace ita kaɗai don a rufa wa miji asiri. Wannan rufin asirin ba mu so.

Don haka ka raka iyalinka da ƙafarka. Takardar da za ku sa wa hannu, a karanta muku ita da harshen da kuke ji. Ku tambaya yadda ake sa suna a kwalbar kowa, da abin da za a yi da ragowar ƙwan da ba a dasa ba.

Kuma na faɗa na ƙara faɗa: habbatus sauda da zuma da hulba suna da amfaninsu, ni ma ina ba da su, amma hanyar ƙwai da ta toshe ko namijin da aka gwada babu iri sam, a je asibiti tun shekarun matar ba su ja ba.

Allah Ya ba marasa haihuwa zuri'a ɗayyiba. Wallahu a'alam.