Samar da Irin Karfasa a Gida: Faɗan Namiji da Renon 'Ya'ya

GOMBE: Akasarin masu kiwon kifi a cikin garin Gombe tarwaɗa suka fi mayar wa hankali, alhali kuwa karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, tana daga cikin kifayen da masunta ke fitarwa daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda gwamnatin tarayya ta kammala a 1984 a kan kogin Gongola, kimanin kilomita 35 gabas da birnin. Mai son kiwon karfasa yakan ci karo da matsalar iri, domin 'ya'yan da ake kamowa daga ruwan Allah gauraye suke, manya da ƙanana, maza da mata. Wannan gurbi ne da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari zai iya cikewa da tankin siminti ko babban akwatin gilashi a cikin gidansa, muddin ya san halin kifin.

Karfasa tana cikin babban dangin kifayen nan masu launi na tafkunan Malawi da Tanganyika da Biktoriya, waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka domin ƙawata ɗakuna. Da yawa daga cikin wannan dangi an san su da kishin muhalli da kuma kula da 'ya'ya. Ribar sana'ar da asararta duk daga waɗannan halaye biyu suke fitowa.

Idan lokacin barbara ya yi, namiji yakan zaɓi wuri a ƙasan ruwa, ya share shi da bakinsa, ya mayar da shi sheƙa, sa'an nan ya hana kowa kusantarsa. A cikin madatsar ruwa wanda aka kora yana da wurin gudu, amma a cikin tanki babu. Saboda haka babban kuskuren sabon shiga shi ne haɗa namiji ɗaya da mace ɗaya. Idan macen ba ta shirya ba, zai yi ta binta da cizo har sai ɓawonta ya zube, wani lokaci ma a wayi gari ta mutu. Abin da aka saba yi shi ne a ba namiji ɗaya mata uku, domin fitinarsa ta rarrabu, kuma a zaɓi waɗanda girmansu ya yi kusa da juna. Ana kuma jera fasassun tukwane ko guntayen bututun roba a ƙasa, yadda wadda aka matsa wa za ta sami maɓoya. Maza biyu a ƙaramin tanki kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai, don ɗaya ne zai yi barbara, ɗayan ya ƙare a kusurwa da raunuka.

Bayan mace ta zuba ƙwai a sheƙa namiji ya barbare shi, sai ta kwashe shi duka a bakinta. Yawansa yakan kama daga ɗaruruwa zuwa fiye da dubu, gwargwadon girmanta. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, amma 'ya'yan sukan zauna a bakin uwa har kwana 10 zuwa 14. A duk tsawon wannan lokaci ba ta cin abinci. Ana gane ta da kumburin ƙasan maƙogwaro da keɓe kai daga sauran kifaye.

A nan ne mai kiwo zai yi zaɓi. Yana iya ɗauke uwar a hankali zuwa wani tanki ita kaɗai har ta saki 'ya'yanta, wanda shi ne ya fi sauƙi ga mai koyo, ko da yake idan ta firgita takan tofar da ƙwan ko ta haɗiye shi. Ko kuwa ya buɗe bakinta a cikin kwano ya wanko ƙwan, ya sa shi a cikin tulun da ruwa ke juya shi ba tsayawa, kamar yadda manyan gidajen ƙyanƙyasa ke yi duk mako. Hanya ta biyu ta fi kawo yawa, tun da uwar za ta koma cin abinci ta sake yin ƙwai da wuri, sai dai tana bukatar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Wanda ba shi da batir ko na'urar hasken rana gara ya bar wa uwar aikinta.

Da zarar 'ya'yan sun fara iyo da kansu sai a raba su da manya, a riƙa ba su garin abinci mai laushi, mai furotin kamar kashi 40 cikin 100, kaɗan-kaɗan sau biyar a yini. Abincin da ya kwanta a ƙasa shi ke ɓata ruwa, don haka a zuƙe shi da siririn tiyo kullum, a kuma sauya kamar rubu'in ruwan. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin, saboda haka a bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba. Har ila yau, wajibi ne a tace su duk mako a ware waɗanda suka fi girma, domin ɗan karfasa da ya riga 'yan'uwansa tasawa yana cinye sababbin ƙyanƙyasa, kuma mai kiwo ba zai ga gawa ba, sai dai ya ga lissafi ya ragu.

Yanayin Gombe yana da nasa hukunci. Karfasa ta fi hayayyafa idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 25 zuwa 30, kuma takan daina idan ya sauka ƙasa da 20, abin da kan iya faruwa ga tankin da ke waje a dararen hunturu na Disamba da Janairu. A Maris da Afrilu kuma inuwa ake bukata.

Game da kasuwa, mai sayen iri maza yake nema, domin sun fi saurin girma, kuma idan aka bar su gauraye a kududdufi sai su yi ta haihuwa har wurin ya cika da ƙananan kifin da ba ya kuɗi. Ana ware maza da hannu ta hanyar duba mafitsararsu idan sun kai kamar giram 30. Manyan gidajen ƙyanƙyasa kuwa sukan gauraya wani sinadarin namiji a abincin 'ya'yan na tsawon mako uku zuwa huɗu, amma wannan aiki ne na wanda ya sami horo. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja tana daga cikin wuraren da ake neman irin wannan ilimi. Asalin irin ma yana da tasiri: nau'in GIFT, wanda aka fara tacewa a ƙasar Filifin a 1988, an san shi da saurin girma fiye da na daji.

Saura batun kai kaya. Tarwaɗa tana shaƙar iska ta sama, shi ya sa ake ɗaukarta a jarka, amma karfasa ba ta da wannan baiwa. Ana daina ba 'ya'yan abinci kwana ɗaya kafin tafiya, a zuba su a babbar leda mai ruwa sulusi, a cika sauran da iskar oksijin, a kama hanya da asuba. Idan an isa, a ajiye ledar a kan ruwan mai saye kamar minti 20 kafin a kwance ta.