Ƙarfe Ba Ya Cin Wuta, Amma Yana Durƙushewa

Tambayar da masu gini suka fi yi mini ita ce, "Injiniya, tsakanin ƙarfe da kankare wanne ya fi ƙarko?" Kafin in amsa sai na ji abu biyu: me za a zuba a cikin ginin, kuma wa zai yi aikin.

In sito ne, ko masana'antar casar shinkafa, ko rumfar gidan mai, inda ake son fili mai faɗin mita 20 ko 30 babu ginshiƙi a tsakiya, to ƙarfe ne gwanin wurin. Ba ya ɗora wa harsashi nauyi sosai, kuma cikin 'yan makonni an tayar da shi. Sai dai yawancin manyan ƙarafan nan daga waje ake shigo da su, tunda har yau masana'antar ƙarafa ta Ajakuta ba ta kama aikin da aka gina ta dominsa ba, shi ya sa farashinsu yake bin dala. Siminti kuwa ga shi ana yi a Obajana da Kalambaina ta Sakkwato.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce "ai ƙarfe ba ya cin wuta". Haka ne, ba ya ci. Amma da zarar zafi ya kai wajen digiri 600, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, alhali gobarar shagon da ke maƙare da atamfa da katifu da robobi tana zarce haka nan da nan. Na sha shiga kango bayan an kashe wuta, in tarar da ƙarfen da ke ɗauke da rufi ya lanƙwashe kamar danƙo, ya janyo bango ya faɗo tare da shi. A Kano, inda gobarar 2016 ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, bai kamata a ɗora bene kan tsiraran ƙarfe ba. In dole sai shi, a lulluɓe shi da kankare ko a shafa masa fentin kariyar wuta, a kuma sa ido kan waldar, domin waldar ƙofa daban, waldar abin da zai ɗauki bene daban.

Don haka gidan zama da shagunan kasuwa, kankare nake ba da shawara. Amma shi ma yana da sharaɗi. Rodin da ke cikinsa yana bukatar kankare mai kaurin aƙalla milimita 25 ya rufe shi. In leburori suka tattake shi ya kwanta kan katako lokacin zubi, wuta da tsatsa sun sami ƙofa. Ga kuma ɗabi'ar ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi daɗin zubawa, wadda rage masa ƙarfi take yi.

Bayan zubi ne kankare yake son ruwa, mu kuwa a nan muke sakaci. Kankare ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba, siminti ne ke ci gaba da haɗuwa da ruwa, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa. Iskar hunturu da zafin bazara suna zuƙe ruwan tun a ranar farko, ka wayi gari saman ya tsattsage. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai aƙalla. Kada kuma a bar kafinta ya zare katakon ƙarƙashin bene don yana son kai shi wani aikin, sai injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba ya ba da izini.