Ba kowane kare mai zubar gashi ne ke da ƙazuwa ba

A Dawce da ƙauyukan da ke kewayen Matameye, da zarar gashin kare ya fara zuba sai a ce ƙazuwa ce, a nemi allurar ivermectin a kasuwa, wani ma ya shafe shi da baƙin man inji, wanda ke ƙona fata kuma kare ya lashe shi ya cutu. Sau da yawa hasashen yakan yi daidai, domin ƙazuwa da kaska da tsutsar ciki da yunwa su ne kan gaba wajen lalata fatar karnukanmu. Amma mu ma'aikatan lafiyar dabbobi mun san akwai karen da allura goma ba za ta yi masa komai ba, saboda cutarsa a wuya take. A gefen maƙogwaronsa akwai wani ɗan ƙululu, wanda idan ya kumbura a jikin mutum muke kira maƙoƙo. Aikinsa fitar da sinadarin da ke tafiyar da zafin jiki da ƙona abinci da tsirowar gashi. Ga mutum, ƙarancin aidin ne yakan kumbura shi. Ga kare kuwa, kusan kullum garkuwar jikinsa ce ke cinye ƙululun, ko ya tsotse da kansa, shi ya sa ba a ganin kumburi, kuma gishiri mai aidin ba ya warkar da shi.

Mai lura zai iya bambance ƙazuwa da cutar ƙululun. Kare mai ƙazuwa yana susa har ya ji wa kansa ciwo, kuma yakan rame. Mai cutar ƙululun kuwa ƙiba yake yi ba tare da an ƙara masa tuwo ba, gashin yana zuba daidai wa daida a haƙarƙarin dama da na hagu, jela ta koma tsirara, fata ta yi baƙi ta yi kauri, kuma ba ya susa sai in wata cuta ta hau kai. Karen da a da yake kwana yana zagaya garke sai ya zama mai barci, da hunturu a same shi kwance cikin tokar murhu yana neman ɗumi. Galibi abin yakan bayyana tsakanin shekara 4 zuwa 10, lokacin da maigida zai ce tsufa ne kawai.

Wani zai ce wannan cutar karnukan Turawa ce. Gaskiya ne an fi saninta ga irin su Doberman da Golden Retriever, amma a ƙasashen da ake auna jinin kare aka tattara wannan sani, kuma kowane kare yana da ƙululun nan. Wani kuma zai ce, tunda ƙwayar levothyroxine, maganin cutar, tana farmasi, a saya a gwada mana. Nan ne nake ja da baya ƙwarai. Duk wata doguwar jinya tana saukar da T4, sinadarin da ƙululun ke fitarwa, a jini alhali ƙululun lafiyarsa lau, haka ma magunguna irin su prednisolone da phenobarbital da dangin sulfa. Siraran karnukan gudu kamar Sloughi da Saluki, 'yan uwan Azawak na ƙasarmu, T4 ɗinsu a ƙasa yake tun asali. Saboda haka a fara kankaro fata a duba ƙazuwa, a kashe tsutsa da kaska, a gyara abinci. In alamun sun ƙi tafiya, sai a ɗebi jini a auna T4 tare da wani sinadarin da ake kira TSH, ko da sai an aika shi birni. Ƙwayar da aka ba karen da ba ya bukata tana sa shi haki da ƙishirwa da rama da bugun zuciya.

Idan an tabbatar, maganin yana aiki sosai. Ana farawa da kusan miligiram 0.02 ga kowane kilo, wato kare mai kilo 20 zai sha 0.4, abin da ya ninka na babban mutum, don haka kada a kwaikwayi takardar wani ɗan gida, kuma a ɓoye ƙwayar daga yara. A riƙa ba shi a lokaci ɗaya kullum, a tsaya kan hanya ɗaya, ko da abinci ko babu, domin abinci yana rage shigarta jiki. Kuzari yakan dawo cikin mako ɗaya ko biyu, gashi kuwa sai an yi watanni, har yakan ƙara zuba kafin sabo ya tsiro. Bayan mako 4 zuwa 8 a sake awo, awa 4 zuwa 6 bayan shan ƙwaya. Ba a dainawa don ya murmure, har ƙarshen ransa zai sha.

Magana mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce mutane ma ba su samu magani ba, balle kare. Ban raina ta ba. Sai dai karen da ke tsare awaki da rumbu ko yake bin maharbi daji ma'aikaci ne a gidan, kuma addini da ya halatta ajiye shi don tsaro da farauta ya ɗora wa mai shi haƙƙin kula da shi. Kuɗin da ake zubawa kan allurar ƙazuwa wata bayan wata, ga karen da ba shi da ita, ya fi dacewa a tara shi a kai karen wurin likitan dabbobi, a yi masa rigakafin haukan kare a tafiya guda.