AUREN ITACE: RESHE DA GINDI

Karatu: Romawa 11:13-24

Darasinmu na wannan mako a kan auren itace yake, wato yadda ake yanko reshen wani itace a ɗaura shi a kan gindin wani, su haɗu su zama ɗaya. Manzo Bulus ya yi misali da wannan aiki, kuma wanda bai san yadda ake yinsa a lambu ba, da wuya ya ji nauyin abin da manzo yake faɗa. Saboda haka bari mu fara shiga lambu.

A ƙasashen sanyi akwai itatuwa dangin al'ul da fir, irin waɗanda Sarki Sulemanu ya sa aka kawo daga Lebanon domin ginin Haikali. Dogaye ne ƙwarai, ganyensu kamar allura, ba ya kaɗewa rani da damina. Wani lokaci a can sama, reshe guda sai ya ƙi bin halin sauran. Maimakon ya miƙe, sai ya yi ta fid da 'yan ƙananan rassa a cunkushe, har ya zama dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Turawan dā sun sa masa suna tsintsiyar mayya, gama sun zaci mayu ne suke sauka a wurin da dare. Babu maita a ciki ko kaɗan. (Mu da muke kusa da Gambaga, inda tsofaffin mata da aka zarga da maita suke zaman gudun hijira, mun san irin ɓarnar da wannan zato yake yi in ya bar itace ya koma kan mutum.) Dalilin abin iri biyu ne. Wani lokaci cuta ce, funfuna ko ƙananan ƙwari. Wani lokaci kuwa halittar toho guda ce ta sāke tun yana ƙarami, sai dukan abin da ya fito daga gare shi ya zama wada.

Wannan na biyun shi masu lambu suke nema ido rufe, domin in aka raya shi sai ya zama ɗan itacen ado wanda tsawonsa ba ya ƙaruwa sai 'yan santimita kaɗan a shekara. A garin Boskoop na ƙasar Holan an sami irin wannan dunƙule a kan wani itace dangin fir, aka raya shi, aka sa masa suna Little Gem, yau kuwa ana sayar da shi a ƙasashe da yawa. A Amurka kuma wani malamin Jami'ar Konetikat, Sidney Waxman, ya yi shekaru yana bin jeji yana neman waɗannan dunƙulen, har yakan harbo su da bindiga in sun yi masa nisa. To, amma ta yaya za a raya reshen da ba shi da saiwa? In aka shuka irinsa, 'ya'yan sukan fito a gauraye, waɗansu wadanni, waɗansu dogaye. In aka yanki reshen aka kafa a ƙasa, sau da yawa ba ya yin saiwa. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce aure. A ƙarshen lokacin sanyi sai a yanko ɗan reshe daga dunƙulen, a ɗaura shi a gefen wani ƙaramin dashe na danginsa mai lafiyayyar saiwa. Gindin yana ba shi ruwa da abinci, amma ba ya sāke masa hali. Gindin da zai iya kai tsawon hasumiya, sai ga shi yana ɗauke da wada har ƙarshen ransa.

Ku riƙe wannan da kyau, za mu komo gare shi: reshe yana tafiya da halin itacen da aka yanko shi, gindi kuwa shi ne yake riƙe da ransa.

Fir ba ya yi a ƙasarmu, amma manomin Sagnarigu ya san aikin nan a kan mangwaro. Mangwaronmu na gida mai zare ya saba da dogon ranin Tamale, saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai. Manyan nan marasa zare da ake kira Kent da Keitt kuwa asalinsu jihar Fulorida ce ta Amurka, in kuma ka shuka ƙwallonsu ba lalle ba ne ka sami irin uwar. Don haka akan shuka ƙwallon na gida, a ɗaura masa reshen baƙon. Kamfanin ITFC da aka kafa a 1999, na Gushie a kan hanyar Bolgatanga, ya raba wa ƙananan manoma irin wannan dashe, abin da ya sa mangwaro mai aure ya ƙara yaɗuwa a ƙauyukan arewacin Tamale. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara ta 3 ko ta 4, na ƙwallo kuwa yakan kai shekara 6 ko fiye.

Ga yadda ake yi. Za ka bar dashen ya kai kaurin fensir. Sai ka je wurin uwa wadda ka ci 'ya'yanta da bakinka, ka zaɓi reshen da ya ƙosa, mai tsawon kamar santimita 10 zuwa 15, wanda tohon kansa ya kumbura amma bai fashe ba. Ka cire ganyensa. Da wuƙa mai kaifi da tsabta ka fiƙe gindin reshen ta gefe biyu, ka datse kan dashen, ka tsaga shi kamar santimita 3, ka zura reshen a ciki. A nan ne aikin yake. Ƙarƙashin ɓawon kowane itace akwai wani ɗan siririn ɗanyen sashe mai santsi, daga nan itace yake girma. In na reshen bai taɓa na gindin ba, ko da ta gefe ɗaya, aure bai ɗauru ba, kome kyan ɗaurin. Bayan haka ka naɗe wurin tam da leda don kada iska ko ruwa su shiga, ka ajiye a inuwa. Cikin mako 3 ko 4 toho zai fashe in ya kama. Kada ka yi wannan aiki a tsakiyar hunturu, iskar za ta busar da reshen kafin ya kama.

Akwai kashedi guda. Mangwaro ma yana yin nasa dunƙule, inda toho ko fure yakan cunkushe ya ƙi yin 'ya'ya. Nasa cuta ce ta funfuna, an fara ba da labarinta a Indiya a 1891, kuma babbar hanyar da take bi daga lambu zuwa lambu ita ce reshen aure. Na fir akan nema a adana, na mangwaro kuwa sarewa ake yi a ƙone. Wanda ya sayi dashe a bakin hanya bai tambayi uwar da aka yanko reshen ba, zai yi shekara uku yana ɗaukar ruwa da rani kafin ya san abin da ya saya.

Yanzu sai mu buɗe Romawa sura 11. Bulus ya rubuta wasiƙar nan daga Koranti wajen shekara ta 57. Kafin wannan lokaci Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, kamar yadda muka gani a Ayyukan Manzanni 18:2. Da suka komo bayan mutuwarsa a shekara ta 54, sai suka tarar ikkilisiya ta cika da al'ummai, waɗansunsu kuma sun fara ganin kamar Allah ya gama da Isra'ila, su ne masu gida yanzu. Su ne Bulus ya yi wa misali da zaitun. Itacen gida shi ne jama'ar alkawari, saiwarsa kakanni, su Ibrahim. Al'ummai kuwa ya kira su rassan zaitun na jeji.

Kai da ka san lambu, ka ga inda maganar ta juya? Kowane manomi reshen kirki yake ɗaura wa gindin jeji. Wa zai sare reshen Keitt ya ɗaura na mai zare a gurbinsa? Mun riga mun ce reshe yana tafiya da halinsa, ashe na jeji 'ya'yan jeji zai yi. Bulus bai jahilci wannan ba, a aya 24 shi da kansa ya nuna abin ya saɓa wa yadda aka saba. Da gangan ya juya misalin, domin kada wani daga cikin al'ummai ya ce an zaɓo shi saboda daɗin 'ya'yansa. Ba mu kawo wa itacen kome ba. Alheri ne ya sa aka tsaga mana wuri, aya 18 kuma ta tuna mana cewa saiwar ce take ɗauke da mu.

Wannan magana ta shafi ikkilisiyoyinmu na Tamale kai tsaye. A benci ɗaya za ka ga wanda kakansa ya yi baftisma a kudu, da wanda iyayensa suka ji bishara a Navrongo inda masu bishara suka sauka a 1906, da wanda danginsa suka karɓa ta wurin aikin da aka fara a Yendi a 1931, da kuma wanda ya ba da gaskiya bara, har yanzu bai iya neman Romawa a Littafi Mai Tsarki ba. A ganina, girman kan tsofaffin masu bi ya fi tsananin waje korar sababbi. Sabon mai bi yana kamar reshe a makonsa na fari, raunin yankan bai warke ba, wataƙila gidansu ma sun juya masa baya. Ɗauri yake bukata da inuwa. In ya zo sujada mako huɗu ba wanda ya tambayi sunansa ko inda yake kwana, kada mu yi mamaki in ya bushe. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, wannan aikinku ne, kada ku bar wa fasto shi kaɗai.

Sauran abu ɗaya a aya 23. Mai lambu in ya yanko reshe, yakan naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya yi sauri ya ɗaura, gama in ya kwana biyu a rana ya tashi aiki, sai murhu. Bulus kuwa ya ce rassan da aka sassare saboda rashin bangaskiya, in ba su nace da rashin bangaskiyarsu ba, Allah yana da iko ya mai da su gurbinsu. A kan Isra'ila ya faɗi wannan, amma yawancinmu muna da wani a gida wanda dā yana zuwa sujada, yanzu ya daina, mu ma mun daina ambatonsa cikin addu'a. Ka rubuta sunansa a gefen wannan shafi, ka kai masa gaisuwa kafin Lahadi.

Karatun mako mai zuwa: Yahaya 15:1-8.