Ƙirƙira ko Sanannen Abu? Taƙaddamar Mallakar Fasahar Bugun Gwaji a Iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin

1.0 Gabatarwa

Duk mai shagon buga takardu ya san bugun gwaji. Idan rubutu ya karkace ko launi ya kauce, firinta kan fitar da shafi mai layuka da lambobi, a zaɓi layin da ya fi miƙewa, a shigar da lambarsa, na'urar ta daidaita kanta. Wasu firintocin kuma suna karanta shafin da idon lantarki. Nan ne asalin taƙaddamar: maye gurbin idon mutum da na lantarki ƙirƙira ce da ta cancanci takardar mallaka, ko kuwa mataki ne da kowane gwani zai hango? Wannan maƙala ta dubi tambayar daga Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Tsamiya da Lolo ke bakin iyakar Benin.

2.0 Ma'aunin Ƙirƙira

Dokar mallakar ƙirƙira ta Nijeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abu ya zama sabo, ya yi amfani a masana'anta, kuma kada ya kasance abin da ke biyo bayan ilimin da ake da shi a bayyane. Sharaɗi na uku ne ya fi jawo gardama. A 2007, Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci tsakanin kamfanonin KSR da Teleflex a kan totur ɗin mota da aka haɗa da na'urar lantarki. Ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, a sami sakamakon da ake tsammani, ba ƙirƙira ba ne. Hukuncin bai ɗaure kotunan Nijeriya ba, amma hujjarsa ta dace da batun firinta.

3.0 Iyaka Ɗaya, Tsari Biyu

A Nijeriya, magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya tantance sabuntar abu. Mai takarda yana riƙe da ita shekara 20 bisa kasadarsa, kuma Babbar Kotun Tarayya ke da ikon soke ta. Benin kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI, wadda Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka dabarar da aka kare a Segbana ba ta da kariya a Tsamiya, sai an yi mata rajista daban.

4.0 Kammalawa

Dokar 1970 ta ɗauki duk abin da aka bayyana wa jama'a, a ko'ina, da rubutu ko da baki ko ta hanyar aiki, a matsayin ilimin da ya gabata. Ke nan bayanin da ubangida ya yi wa yaransa da abokan ciniki da Hausa a shagon Bagudo yana iya rushe takardar mallaka. Sai dai kotu da shaida take aiki, maganar baka kuwa ba ta ɗauke da kwanan wata. A nan manazarta Hausa ke da rawar takawa: tattara kalmomi da dabarun masu sana'a, tare da wuri da rana. Idan ba a yi haka ba, wani na iya mallake abin da masu shi suka daɗe da sani.