Me Ya Sa Tukunyar Zubi Ke Yoyo Da Tsagewa?

Tambaya: Ni mai sayar da abinci ce a Kebbe. Na sayi babbar tukunyar alminiyam ta zubi a kasuwar Tambuwal, ko shekara ba ta rufa ba ta fara yoyo, daga baya gindinta ya tsage. Alhali wadda na gada wurin mahaifiyata tana nan daram. Ina matsalar take?

Amsa:  Tun a maƙera aka haifi tukunyarki da ciwonta.

Maƙeri ba tsantsar alminiyam yake narkawa ba, abin da 'yan gwangwan suka kawo ne: fistan mota, gwangwanin lemo, tsofaffin tukwane. Fistan na ɗauke da sinadarin silikon wajen kashi 12 cikin 100, wanda ke sa narkakken ƙarfen ya malala ya cika kowane lungu na zubi. Gwangwani zalla ba ya zuba da kyau haka. Ɓarnar takan shigo ta hanya biyu. In ƙusa, zoben fistan ko baƙin ƙarfen kaskon narki ya narke a ciki, sai ya daskare kamar siraran allurai a cikin jikin tukunyar, ido ba ya ganinsu, amma ta nan tsaga ke bi. In kuma yashin zubi ko gawayi ko tarkacen na da laima, narkakken alminiyam (yana narkewa ne a digiri 660) kan shanye iskar haidirojin, yana hucewa ta bar ƙananan ramuka. Yoyonki ke nan.

In za ki sake saye, rataya ta a yatsa ki ƙwanƙwasa. Mai lafiya ƙararta na daɗewa, mai ɓoyayyiyar tsaga sai ki ji "ƙwaf". Duba gindinta a rana ko akwai hudoji ko wurin da aka liƙe aka goge. Cika ta da ruwa kafin ki biya. Mai kaya na kirki ba zai hana ba. A gida kuma, kada a kwara ruwan sanyi a tukunyar da ta ƙone a kan wuta.

Amma ni ba tsagar ce ta fi damuna ba. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya samu dalma na fita daga jikinsu zuwa abin da aka dafa, kuma tsami ne ke jawo ta. Mu maƙwabtan Zamfara ba ma buƙatar a gaya mana illar gubar dalma, bayan yara fiye da 400 da ta kashe a 2010. Ba a gane ta da ido ko ƙwanƙwasa, wanki ma ba ya fitar da ita. Don haka kada miyar sure, tumatir, kunun tsamiya ko soɓorodo su kwana a irin wannan tukunya, a juye da an sauke. A daina dirje cikinta da yashi. Abincin yara da masu juna biyu a dafa shi a tukunyar silba in da hali.

Ku kuma maƙeranmu na Tambuwal da Dogon Daji, ku bi tarkace da maganaɗisu, ku shanya shi ya bushe, ku kwashe dattin saman narki. Lagireto mai liƙin dalma, kan batir da tarkacen rediyo, don Allah kada su shiga tukunyar da za a ci abinci a cikinta.